Zubin Haruffan da Kwamfuta Ta Zo da Shi: Lalaci Ne ko Dabara? Misali daga Garwa

1. Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe kwamfuta zai yi rubutu, kafin ya danna komai, an riga an zaɓa masa kamannin haruffan da za su fito. Yawancin mutane ba sa canza su. Da su ake buga takardar neman aiki, da katin gayyatar aure, da jarrabawar makaranta, har da allon shago. Masu sana'ar tsara shafi a Turai da Amurka sun daɗe suna gardama a kan wannan. Wasu suna cewa wanda ya bar haruffan da ya tarar malalaci ne, bai ba aikinsa haƙƙinsa ba. Wasu kuma suna cewa ai abin da ido ya saba da shi ya fi daɗin karatu.

A wannan takarda za mu duba gardamar ta fuskar mai rubuta Hausa, kuma za mu ɗauki garin Garwa na arewacin Kamaru a matsayin misali, domin a can harsuna da yawa suke haɗuwa a kan takarda guda. Za mu ga cewa ga mai rubuta Hausa ko Fulatanci akwai wata tambaya da ke zuwa kafin maganar kyau ko muni, wato ko haruffan da aka zaɓa suna ɗauke da baƙaƙen harshen gaba ɗaya. Amsar wannan tambaya ta canza tsakanin shekarun 1990 da yau, kuma da ita ne hukuncin lalaci ya canza.

2. Mene ne zubin haruffa?

Harafi ɗaya yana iya fitowa da kamanni iri-iri. Harafin a na jarida daban yake da a na allon firamare, amma duka a ne. Idan aka tsara dukkan haruffa da lambobi da alamomin rubutu a kan kama ɗaya, aka ba su suna, shi ne abin da za mu kira zubin haruffa a nan. Kalmar zubi ta dace, domin a zamanin da da narkakkiyar dalma ake zuba kowane harafi, sannan a jera su a injin ɗab'i. Masu shagunan buga takardu a Garwa da Faransanci suke kiransa, suna cewa police, kalmar da a nan ba ruwanta da 'yan sanda.

Zubi iri biyu ne aka fi sani. Akwai mai ƙafa, wanda ake yi wa 'yan gajerun layuka a ƙarshen sandunan harafi, kamar Times New Roman. Akwai kuma marar ƙafa, kamar Arial. An tsara Times New Roman ne domin jaridar The Times ta Landan, wadda ta fara amfani da shi a 1932, a ƙarƙashin jagorancin Stanley Morison. Arial kuwa kamfanin Monotype ne ya fito da shi a 1982. Dukansu biyu sun zo cikin Windows 3.1 a 1992, daga nan suka bazu ko'ina a duniya. Times New Roman ne ya daɗe yana fitowa da zarar an buɗe Word, har zuwa 2007 da Calibri ya gaje shi. Shi ma Calibri an sauke shi, Aptos ya maye gurbinsa daga 2023. Irin wannan zubi da ke fitowa da kansa shi za mu riƙa kira zubin da aka tarar.

3. Hujjar masu cewa lalaci ne

Masu wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Ta farko ita ce kowane zubi don wani aiki aka yi shi. Times New Roman matsattse ne, saboda jarida tana son cusa kalmomi da yawa a ɗan siririn layi. Idan aka ɗauke shi aka buga a allon da za a karanta daga tsallaken titi, siraran layukansa sai su ɓace wa ido. Ta biyu ita ce zubi yana da murya. Comic Sans, wanda Vincent Connare ya tsara a 1994, an yi shi ne ya yi kama da rubutun littattafan barkwanci na yara. Shi ya sa aka yi ta surutu a 2012, lokacin da aka ga an yi amfani da shi wajen gabatar da wani babban sakamakon bincike a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba. Ta uku ita ce idan kowa ya bar abin da ya tarar, sai takardar asibiti da ta biki da ta kotu su zama kama ɗaya, mai karatu ya kasa bambanta su da kallo.

Duk waɗannan hujjoji sun ginu ne a kan wani zato, wato cewa mai rubutu yana da zubi ɗari a gabansa, kowanne zai iya rubuta harshensa, sai dai ya zaɓi wanda ya fi kyau. Ga Bature mai rubuta Ingilishi ko Faransanci haka abin yake. Bari mu ga ko haka yake a Garwa.

4. Garwa da harsunanta

Garwa tana bakin kogin Binuwai, ita ce hedikwatar Yankin Arewa na Kamaru, kuma a nan aka haifi Ahmadu Ahijo, shugaban ƙasar na farko, wanda ya yi mulki daga 1960 zuwa 1982. Kafin zuwan Turawa tana cikin ƙasar Adamawa, ƙarƙashin Yola. Jamusawa suka ci ta a 1901, sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace ta a 1915, daga baya ta zauna a hannun Faransa. Wannan tarihi shi ya bar mata tsarin harsunan da take da shi. Fulatanci ne harshen da ya haɗa kabilun garin a kasuwa da unguwa. Faransanci ne harshen ofis da makarantar boko. Larabci yana makarantun allo da masallatai. Hausa kuma tana bakin 'yan kasuwa da zuriyar fataken da suka zauna tun da daɗewa, da masu zirga-zirga tsakanin Garwa da Yola da Mubi.

Saboda makaranta da Faransanci ake yin ta, Bahaushen Garwa da yawa idan zai rubuta harshensa, da ƙa'idar Faransanci yake rubutawa. Zai sa ou a wurin u, dj a wurin j, tch a wurin c. Haka aka sami Garoua da Maroua da Oumarou da Alhadji. Kwamfutocin shagunan buga takardu su ma na tsarin Faransanci ne. Allon madannansu yana farawa da AZERTY, yana da é da è da ç a kusa da yatsa, amma ba shi da ɓ ko ɗ ko ƙ. Idan an saita Word a kan Faransanci, da kansa yake sa fili kafin alamar tambaya, ya kuma mayar da alamar zance ta koma « », alhali ƙa'idar rubutun Hausa ba ta san wannan ba. Ke nan abin da aka tarar a kwamfutar Garwa ya wuce zubin haruffa kawai, har da ɗabi'un wani harshe.

5. Baƙaƙe masu ƙugiya

Ɗalibin Hausa ya san cewa ƙugiyar da ke kan ɓ da ɗ da ƙ ba ado ba ce. Ita ke raba ma'ana. Ga misalai:

baki da baƙi
kafa da ƙafa
fada da faɗa
daidai da ɗaiɗai
bari da ɓari
koko da ƙoƙo
kwari da ƙwari

A ƙasar auduga irin ta Garwa, inda kamfanin SODECOTON yake da hedikwatarsa, wanda ya rubuta wa manomi maganin kwari a maimakon maganin ƙwari ya bar wa mai karatu aikin gyara. Bahaushe zai gane daga muhallin magana. Mai koyo kuwa, ko Bafulatanin da Hausa harshensa na biyu ne, yana iya ɗaukar lafazin da ba shi ba ne, ya kuma zauna a kansa.

Waɗannan baƙaƙe ba su daɗe sosai ba. Turawan farko da suka rubuta Hausa da boko, wasu ɗigo suke sawa a ƙarƙashin harafi, wasu kuma waƙafi a gefensa. Cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka da aka kafa a Landan a 1926, wadda Diedrich Westermann yake cikin shugabanninta, ita ta ba da shawarar a ƙirƙiro sababbin haruffa a daina dogara da ɗige-ɗige. A shekarun 1930 masu ƙugiya suka shiga littattafan da ake bugawa a Zariya, garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya daidaita rubutun Hausa da Fulatanci da wasu harsuna huɗu na Afirka ta Yamma. A Kamaru kuma, a 1979 aka amince da abacada guda ta harsunan ƙasar, aikin da Maurice Tadadjeu da Etienne Sadembouo suka jagoranta.

Fulatanci yana tarayya da Hausa a ɓ da ɗ, kamar a Fulɓe da laamiiɗo da ɗiɗi, wato biyu. Yana da ƴ, kamar a ƴamugo, wato tambaya, harafin da Hausar Nijar ma take amfani da shi a inda Nijeriya take rubuta 'y. Yana kuma da ŋ, kamar a ŋatugo, wato cizo. Amma ba shi da ƙ. Wannan abin lura ne ga mai buga takarda a Garwa: zubin da ya rubuta Fulatanci lafiya lau ba lalle ne a ce an gwada shi da Hausa ba.

6. Lokacin da zubin da aka tarar ya gaza

Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya tanadi wa ɓ da ɗ da ƙ da ƴ lambobi tun farkon shekarun 1990. Sai dai lamba daban, zane daban. Times New Roman da Arial na wancan lokaci ba a zana musu waɗannan baƙaƙe ba. Wanda ya yi ƙoƙarin sa su, ko dai ya ga ɗan akwati babu komai a ciki, ko kuma kwamfuta ta aro harafin daga wani zubi, ya fito ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo, kamar baƙo a tsakiyar sahu.

Mutane suka nemi mafita ta hanyoyi uku. Wasu suka watsar da ƙugiya gaba ɗaya. Wasu suka buga harafin haka nan, sannan suka bi da biro suna lanƙwasa kan kowane b da d da k, kamar yadda ake yi a zamanin tafireta. Wasu kuma suka ƙera zubi na musamman. A Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya tsara zubin Rabi'at da na Abdalla a shekarun 1990, kuma an buga littattafai da mujallu masu yawa da su. A Kamaru, ƙungiyar SIL ta samar da nata zubin domin harsunan ƙasar. Dabarar irin wannan zubi ita ce a ɗauki gurbin wata alama da ba a cika bukata ba, a zana harafi mai ƙugiya a wurin. Mai bugawa zai danna wata baka ko harafin q ko x ko v, sai ƙ ko ɗ ko ɓ ya fito.

Dabarar ta yi aiki a kan takarda, amma tana da tarko. Da zarar an kai fayil ɗin wata kwamfutar da ba ta da wannan zubi, sai asiri ya tonu. Ƙasa ta koma }asa ko qasa, ɗaya ta koma ]aya ko xaya, ɓarawo ya koma ~arawo ko varawo. Har yau ana cin karo da irin wannan rubutu a intanet, kuma wanda ya nemi kalmar ƙasa a cikinsa ba zai same ta ba.

To, a wancan zamani wa za a kira malalaci? Wanda ya bar Times New Roman ya zubar da ƙugiya ya sauƙaƙa wa kansa, ya ɗora wa mai karatu nauyi. A nan zargin yana da ƙamshin gaskiya. Amma mai shago a Garwa wanda bai taɓa ganin an rubuta Hausa da ƙa'idarta ba, kuma kwamfutarsa ba ta da harafin, ba za a ce ya yi lalaci ba. Rashin kayan aiki ne da rashin koyarwa.

7. Yadda al'amarin ya juya

Tun a 1993 akwai Lucida Sans Unicode, wanda yake ɗauke da baƙaƙe masu ƙugiya, kuma malaman harsuna sun dogara da shi shekaru da dama ko da ba su so kamanninsa ba. Daga baya SIL ta fito da zubi na kyauta masu bin tsarin Unicode, irin su Gentium da Doulos SIL da Charis SIL, da kuma Andika wanda aka tsara domin masu koyon karatu. Babban sauyi ya zo da Windows Vista a 2007, lokacin da aka faɗaɗa Times New Roman da Arial suka ƙunshi waɗannan baƙaƙe. Kamfanin Google kuma ya fito da jerin zubin Noto da niyyar kada wani harafi ya sake fitowa a matsayin akwati. Wayoyin hannu na yanzu suna da allon madannai na Hausa da na Fulatanci.

Sakamakon haka shi ne, a yau zubin da aka tarar sau da yawa shi ne ya fi aminci ga mai rubuta Hausa. Haɗarin ya koma wajen zubin ado, irin waɗanda ake saukewa daga intanet domin katin biki ko allon shago, domin da yawansu haruffan harsunan Turai ta Yamma kaɗai aka zana musu. Mai tsara katin ɗaurin aure da ya guji Arial don kada a ce masa malalaci, ya ɗauko wani zubi mai lanƙwashe-lanƙwashe, yana iya tarar da ɗ ɗin ɗaurin aure ta fito da wata kama daban, ko ta ɓace. Garin neman gira ya rasa ido. Wanda ya gwada, ya ga Arial ne ya fitar da sunan ango da na amarya daidai, ya zauna a kansa, shi ne ya yi aikin da ya kamata.

Duk da haka da sauran gyara, musamman ga ɗaliban harshe. Littattafan koyarwa da ƙamus suna nuna karin sauti da tsawon wasali, wani lokaci alama biyu a kan wasali ɗaya, kamar ā̀, ga kuma r̃ mai nuna ra-gare. Zubi da yawa suna ɗora alamar a karkace ko su haɗe ta da ta ƙasanta. Babban harafin Ŋ yana da kama biyu, ɗaya kamar N mai wutsiya, ɗaya kamar ƙaramin ŋ da aka kumbura, kuma na biyun aka fi sabawa da shi a Afirka. Haka nan Word yakan juya waƙafin da ke farkon 'ya'ya ya fuskanci wani gefe, don yana zaton buɗe zance ake yi. A irin waɗannan wurare Charis SIL da 'yan'uwansa sun fi zubin da aka tarar.

8. Ajami

Maganar ba ta tsaya ga boko ba. A Garwa da Marwa da Ngaundere, kamar a Kano da Sakkwato, almajiri da rubutun Magariba yake tashi, da ƙira'ar Warshu. A wannan rubutu fa'un ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, kuma akwai ɗigon imala da ake sawa a ƙarƙashin baƙi don wasalin e. Zubin Larabcin da kwamfuta take zuwa da shi na ƙasashen Gabas ne: fa'un ɗigo ɗaya a sama, ƙaf ɗigo biyu. Ke nan abin da mutumin Alƙahira zai karanta fa, tsohon da ya yi karatun allo a Garwa yana iya karanta shi ƙa. Sai a 2016 Unicode ya ware wa fa'un da ƙaf da nun na Afirka lambobinsu. SIL ta fito da Harmattan domin ajamin Afirka ta Yamma, da Alkalami wanda aka tsara bisa rubutun hannu na Kano. Wanda zai buga wa'azi ko sanarwar rigakafi da ajami, idan ya bar zubin da ya tarar ba tare da ya tambayi wa zai karanta ba, a nan kam ya yi sakaci.

9. Yadda ake gwada zubi

Kafin ɗalibi ya miƙa aikinsa, ko ya kai shi shagon bugawa, yana da kyau ya bi waɗannan matakai.

Na farko, ya buga jimlar da ta ƙunshi baƙaƙen duka, manya da ƙanana. Ga wata: Ɗan ƙauye ya ɓoye ƙwai a ɗaki. Ɓera ya gani. Ƙarshenta 'ya'yan ɓera suka shanye. Idan akwai Fulatanci a aikin, ya ƙara da ƴ da Ƴ da ŋ da Ŋ.

Na biyu, ya ƙara girman rubutun sosai, ya duba ko masu ƙugiya sun yi kauri da tsawo ɗaya da sauran. Ya sake dubawa da rubutu mai kauri da kuma na gicciye, domin wani zubin yana da harafin a tsaye amma ba shi da shi a gicciye.

Na uku, ya kwafi jimlar ya aika wa wani ta waya. Idan ta isa da ƙ da ɗ da ɓ, rubutun na Unicode ne. Idan ta isa da baka ko q da x da v, tsohuwar dabara ce, sai a sake.

Na huɗu, idan a wata kwamfutar za a buga, ya mayar da aikin PDF, domin zubin ya tafi tare da shi.

Sai bayan an wuce waɗannan ne za a zo maganar ko zubin ya dace da aikin, wato mai ƙafa don dogon karatu a takarda, marar ƙafa mai kauri don allo, mai sauƙin kama don yara da manya masu yaƙi da jahilci.

10. Kammalawa

Mun ga cewa sunan zubi kaɗai ba ya nuna ƙwazo ko lalaci. Times New Roman ɗin da ya kasa rubuta ƙasa a 1998 shi ne yake rubuta ta daidai a yau, kuma zubin adon da ya burge ido yana iya cinye ƙugiyar sunan mutum. Abin da ake nema ga mai tsara shafi a Garwa, ko a Kano, ko a ajin koyon Hausa a Turai, shi ne ya san harshen da yake bugawa, ya san mai karatunsa, ya kuma gwada kafin ya buga. Jami'o'in Ngaundere da Marwa, da ta Garwa da aka kafa a 2022, suna yaye ɗaliban da za su rubuta littattafan harsunan wannan yanki, kuma wannan gwaji na minti biyar yana cikin abin da ya kamata su fita da shi.

Tambayoyi

1. Kawo kalmomi biyar, ban da na cikin takardar nan, waɗanda ƙugiya kaɗai ta raba su da wasu kalmomin, ka sa kowace a jimla.
2. Mayar da waɗannan sunaye zuwa ƙa'idar rubutun Hausa: Oumarou, Djibrilla, Aïchatou, Haoua.
3. Me ya sa zubin da ya rubuta Fulatanci daidai yake bukatar a sake gwada shi da Hausa?
4. Zaɓi zubi uku a kwamfutarka, ka buga jimlar gwaji ta sashe na 9 da kowanne, ka bayyana abin da ka gani a sakin layi ɗaya.